DSN a kowace kwamfuta, ko haɗi marar DSN?

Ɗan'uwanmu na Argungu ya yi tambaya: sun kwashe lissafin shinkafar da suke saye da sayarwa daga manhajar ajiyar bayanai ta Microsoft Access zuwa SQL Server Express, mai ajiye bayanai a sabar, wato kwamfutar da sauran ke jan bayanai daga gare ta, teburan da ya haɗa suna buɗewa a kwamfutarsa, amma sauran kwamfutoci huɗun nasu sai su nuna saƙon gazawar haɗi, "ODBC--call failed". Shin ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana kafa DSN, ko da wata hanya?

Malam, hanyoyin biyu ne, kuma duk suna kaiwa.

DSN suna ne kawai da ke ajiye cikin Windows, ɗauke da adireshin sabar da sunan direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa Access da sabar. Fayil ɗin Access sunan yake riƙewa, shi ya sa da ka kai shi kwamfutar da ba ta san sunan ba sai ya tsaya cak. Daɗin DSN sauƙi, ga maɓallin gwaji da zai nuna maka nan take ko sabar ta amsa. Wahalarsa kuwa yawa gare ta. Dole sunan ya zo iri ɗaya a ko'ina. Idan User DSN ka yi, wanda ya shiga da wani asusu ba zai gan shi ba. Idan System DSN ne, wanda duk masu amfani da kwamfutar ke gani, na 64-bit ba ya yi wa Office mai 32-bit aiki, kuma nan ne mutane suka fi ɓata yini guda.

Marar DSN kuwa, duk bayanin haɗin yana cikin fayil ɗin Access, inda fayil ya je nan bayanin ya je. Ba sai ka iya VBA, yaren rubuta umarni na Access, ba: ka sake haɗa teburan da File DSN, wato DSN da ke ajiye a fayil, Access zai kwafe bayanin ya ajiye da kansa. Ga kwamfuta biyar, wannan nake ba ka shawara. Sai dai direban da ka ambata a cikin haɗin dole a girka shi a kowace kwamfuta. Idan ODBC Driver 18 ne, wanda ya fito a 2022, ka sani shi ɓoye bayanai yake yi tun farko, kuma zai ƙi takardar shaidar da sabar ta yi wa kanta sai ka sa TrustServerCertificate=yes. Kada kuma ka yarda Access ya ajiye kalmar sirri, domin a fili yake ajiye ta.

Kafin duk wannan, leƙa sabar. Express yana zuwa ne da TCP/IP, hanyar da sauran kwamfutoci ke bi su iske shi, a kashe. Kunna shi, ka tsayar da shi a kan ƙofa (port) 1433, ka buɗe ta a katangar tsaron Windows. Ina kyautata zaton rabin matsalarka nan take.

Akwai kuma cutar da babu hanyar da ke maganinta cikin biyun. In tebur ya buɗe amma ya hana ka rubutu, ba shi da babban makulli (primary key), gurbin da ke bambanta kowane layi. In ka ga "Write Conflict" alhali kai kaɗai ke aiki, duba guraben bit, masu ɗaukar 0 ko 1, da aka bari babu komai, ka cika su da 0, sannan ka ƙara gurbin rowversion, wanda sabar ke sauya lambarsa duk lokacin da aka gyara layi. Duk ranar da ka taɓa tsarin tebur a sabar, ka shiga Linked Table Manager na cikin Access ka sabunta haɗin, don Access tsohon tsarin yake ci gaba da gani.