Brahma, Jersey Giant ko Noiler: Abin da Mai Kiwo a Katsina Zai Duba

Masu kiwon kaji a Katsina da Daura sun fara sha'awar manyan kajin asali na ƙasashen waje, musamman Brahma, wadda zakaranta kan kai kilo 5 da rabi, kazar kuma kimanin kilo 4 da rabi. A Amurka aka inganta irinta tun wajen 1850 daga kajin da aka shigo da su daga birnin Shanghai na ƙasar Sin, kuma tana da sanyin hali, tana yin ƙwai wajen 150 a shekara. Sai dai ba ta fara ƙwai sai ta yi wata shida zuwa bakwai, kuma duk tsawon wannan lokaci masara da dusa take ci ba tare da ta mayar da ko kwabo ba.

Babbar matsalarta a nan ita ce zafi. Kaza ce mai kaurin gashi har zuwa yatsu, wadda ta fi jin daɗin sanyi, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin Katsina kan haura digiri 40. Wanda zai saye ta dole ya tanadi inuwa, da akurki mai shan iska ta kowane ɓangare, da ruwan sha mai sanyi safe da rana. Idan damina ta sauka kuma, gashin ƙafarta yana riƙe laka, sai ciwo ya biyo baya idan ƙasan akurkin ba a bushe yake ba.

Jersey Giant, wadda aka samar a jihar New Jersey ta Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, ta ɗan fi Brahma nauyi, ƙafarta kuma babu gashi, amma ita ma jinkirin girma gare ta, kuma samun tsantsar irinta a Najeriya yana da wuya.

Noiler ta kamfanin Amo da ke jihar Oyo ta fi su saurin kawo kuɗi, domin zakaranta yakan isa yanka cikin 'yan watanni, tana kuma jure kiwon sake a tsakar gida. Amma gauraye ce, saboda haka 'yan tsakin da aka ƙyanƙyashe daga ƙwanta ba lalle su yi kamar uwarsu ba, sai an sake sayo sababbi. A nan ne Brahma ta yi mata fintinkau, tunda mai ita yana iya riƙe irinsa shekara da shekaru, ya riƙa sa wa kazar gida ƙwan ta yi kwanci na kwana 21.

A ganina, mai neman ciniki kafin Sallah ya ɗauki Noiler, mai haƙuri da wadatar inuwa kuma ya gwada Brahma da kaji kaɗan tukuna. Kowace aka zaɓa, a nemi ganin iyayen tsakin kafin a biya, domin ana yawan sayar da gauraye da sunan tsantsa, sannan a tambayi ko an yi musu rigakafin Gumboro da na Newcastle, cutar da takan share akurki da hunturu.