Jakar Barci ta Gashin Agwagwa ko ta Zaren Roba a Doguwar Tafiyar Tsaunuka

Ɗan'uwa, tsakanin jakar barci (bargon da aka ɗinka kamar jaka, mutum ya shiga ciki ya kwana) mai cike da gashin agwagwa da mai cike da zaren roba da ka yi tambaya a kansu, ka sayi ta gashin, muddin tafiyar taka ta makonni ce a kan tsaunuka, kuma kai ne za ka goya kayanka gaba ɗaya. Ita nake amfani da ita shekara da shekaru, kuma har yau ban ga abin da zai sa in canza ta ba.

Gashin da ake nufi shi ne lallausan nan da ke kwance a ƙarƙashin manyan gashin agwagwa ko dinya, wanda ba shi da tsinke, aikinsa kuwa shi ne ya kumbura ya riƙe iska, iskar kuma ta riƙe ɗumin jikinka. Lambar da ake rubutawa a jikin jakar, wadda galibi take tsakanin 600 da 900, ma'aunin wannan kumburin ce. Giram 28 na gashi mai lamba 800 yana cika wurin da ya kai kusan lita 13, amma idan ka danna shi sai ya koma ɗan dunƙule. Shi ya sa jakar da za ta kwanar da kai a sanyin da ya ɗan sauka ƙasa da digiri sifili take tsayawa a wajen kilo 1, kuma ta shige can ƙasan jakar goyo, ta bar maka wurin abincin kwanaki. Wanda yake naɗe tanti kowace asuba, ya ɗaure kaya, ya wuni yana hawa yana gangarowa, ya san rabin kilo ba abin wasa ba ne a kafaɗa idan la'asar ta yi.

Sanyin tsauni kuma ba a raina shi. A duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 na ma'aunin Selsiyus, don haka wanda ya baro gindin dutse ana digiri 20, idan ya ƙara mita 3,000 a kan haka ya iso bakin sifili, tun kafin ma rana ta faɗi. Akwai wani yammaci da na ƙetare wata mashiga tsakanin tsaunuka biyu a makare, iska tana kaɗawa, yatsuna sun sandare har ina kafa turakun tanti da ƙyar. Na zaro jakar na kakkaɓe ta, na bar ta tana kumbura a hankali yayin da nake dafa ruwa, sannan na shiga na ja igiyar hular jakar har ya zamana hancina kaɗai ke waje. Ban jima ba na ji ɗumi ya sauka har tafin ƙafata. Da gari ya waye, ruwan gorata ya daskare, cikin rufin tantin ya yi fari fat, ni kuwa na yi barcina ban farka ba. A doguwar tafiya wannan barcin shi ne jarin matafiyi, domin wanda ya kwana yana rawar sanyi ba zai iya hawan gobe da ƙarfinsa ba, kuma idan irin daren ya jeru, gajiyar takan kai mutum ga tuntuɓe a inda bai kamata ba.

Abokin gaban jakar gashin ɗaya ne, wato laima. Idan gashin ya jiƙe sai ya cure ya daina riƙe iska, kuma yana da wuyar bushewa. Ba ruwan sama kaɗai ke jawo haka ba, domin tururin jikinka da raɓar da ke taruwa a bangon tanti suna shiga cikinta kaɗan kaɗan kowane dare. Maganin abin yana cikin tsarin yininka. Ka shimfiɗa leda mai kauri a cikin jakar goyo kafin ka cusa jakar barcin, ka ware riga da safa busassu waɗanda na barci ne kawai, kada ka kwanta da kayan da ka yi gumi a cikinsu, kuma duk tsananin sanyi kada ka tura bakinka ciki kana numfashi. Idan ka tsaya hutun tsakar rana kuma akwai rana, ka juya cikinta waje ka baza ta a kan dutse, ka danne gefenta kada iska ta tafi da ita. Ka kuma haɗa ta da katifar shimfiɗa mai kyau, saboda gashin da nauyinka ya danne ba ya hana sanyin ƙasa ratsowa.

Ta zaren roba na taɓa mallakar guda, ta cinye mini kusan rabin jakar goyo, kuma ba ta daɗe ba ta lafe saboda yawan dannawa. Abin da zan yaba mata shi ne ta fi sauƙin kuɗi, tana saurin bushewa, kuma tana ɗan riƙe ɗumi ko da ta yi laima, don haka idan hanyarka ta wurin da ruwan sama ba ya ɗaukewa ce, sai ka ɗauke ta, ka yi haƙuri da girmanta.

Ka yi hattara da masu sayarwa, musamman na intanet. Jakar da aka gwada bisa ƙa'idar ISO 23537, wato ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta auna ɗumin jakar barci, tana ɗauke da lambobin sanyi uku: na barci cikin jin daɗi, na iyakar abin da mutum zai jure yana ƙudundune, da na tsira da rai kawai. Marasa gaskiya sukan ɗauko na ukun su rubuta shi da manyan haruffa, mai saye ya ɗauka zai yi barci a wannan sanyin, alhali lambar tana nufin wataƙila ya kai safiya da ransa ne. Ta farkon za ka duba, idan kuma babu shaidar gwajin kwata-kwata, kada ka gaskata lambar. Wasu kuma sukan cika jakar da gashi mai tsinke su kira shi lallausa. Ka nemi wadda aka rubuta kashi 90 lallausa da kashi 10 mai tsinke, ko abin da ya kusanci haka, ka tambayi nauyin gashin da ke ciki ban da nauyin yadin, sannan ka matsa ta da hannunka. Idan tsinkaye suna sukar tafinka, ko ka sake ta ta ƙi tasowa, ko ka ɗaga ta a haske ka ga wasu gidajen ɗinkin wayam, ka ajiye wa mai sayarwar kayansa. Idan ta hannu ce, ka tambayi yadda aka adana ta, domin wadda ta shekara a matse cikin ƙaramar jakarta ba lallai ba ne ta sake kumbura kamar da.