Manhajar da ke yi mini bincike a Google: ta burge ni, ta kuma kunyata ni

Duk mai shagon kafe na intanet a Birnin Kebbi ya san wahalar nema wa yara guraben aiki da tallafin karatu. Kullum kalmomi iri ɗaya kake bugawa har yatsu su gaji. Shi ya sa da wani matashi ya kawo mini manhajar da ya haɗa da Python, wani yaren rubuta manhaja, ko ciniki ban tsaya yi ba. Ka jera mata kalmomin, ita za ta buɗe Chrome da kanta, ta yi ta bincike, ta kwaso kanun labarai da adireshin shafuka ta zuba maka a Excel. Kafin in gama karyawa ta gama. Wallahi na ji daɗinta, har abokan sana'a na yi wa tallarta.

Sai wata Litinin, shago maƙil, har da wata dattijuwa da ta taso tun daga Jega da ɗanta. Kwatsam kwamfutocin gaba ɗaya suka koma nuna shafin nan mai cewa ka tabbatar kai mutum ne. Zaɓi hotunan mota, zaɓi fitilar titi, ka gama a sake kawo wasu. Manhajar kuwa ta cije a lamba 429, wato an yi tambaya fiye da ƙima. Ashe tunda rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba mana intanet, muke amfani da ita, adireshinmu ɗaya ne a intanet, manhajar kuma tana ta jefa tambayoyi ba ko numfasawa, sai aka ɗauke mu duka a matsayin na'ura. Dattijuwar nan ta zauna har azahar tana cewa "Ɗan nan, ba komai," ni kuwa gumi kawai nake.

Na kira matashin da ya haɗa manhajar, abin da ya iya ce mini shi ne, "Alhaji, kashe rautar ka kunna." Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ƙa'idar Google ta hana aika bincike da na'ura ba da izini ba, mai wannan sana'a ba zai ce bai sani ba, amma bai taɓa faɗa mini ba. Ga cin data. Ga shi manhajar ba ta bambance tallar aikin da wa'adinta ya wuce da ta 'yan damfara, sai na bi ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu da dare kawai nake kunna ta, da kalmomi kaɗan, sauran na bar wa Google Alerts, wani tsarin Google da yake turo mini sabon sakamakon bincike kyauta ta imel. Na nemi matashin ya dawo mini da rabin kuɗina, har yau bai ɗaga wayata ba.