Kayan Ɗaukar Bidiyon Koyarwa a Legas: Me Za a Fara Saya?

Tela a Agege mai son nuna yadda ake yanka kaftani, da malamin Islamiyya a Idi-Araba mai karantar da tajwidi, da uwargida a Mile 12 mai koyar da haɗa dambun nama, duk tambayarsu ɗaya ce idan suka nufi kasuwar waya da kwamfuta ta Computer Village da ke Ikeja ko kasuwar Alaba: wace kyamara za a saya? A ganina kyamara ce ya kamata ta zo ƙarshe a lissafi, domin wayar da ke aljihun yawancinmu ta isa aikin, kuma abin da ke korar mai kallo daga darasi shi ne rashin jin abin da malami yake faɗa.

Saboda haka makirufo za a fara saya, musamman a gari irin Legas inda ƙarar janareta, da hon ɗin motocin haya na danfo, da ruwan sama a kan rufin kwano ba sa barin ɗaki ya yi tsit. Makirufon da ke jikin waya yana nesa da bakin mai magana, kuma duk abin da ya ji ɗauka yake yi. Mafi sauƙin kuɗi cikin waɗanda za a iya dogara da su shi ne mai igiya da ake maƙalawa a wuyan riga, irin Boya BY-M1, wanda igiyarsa ta kai kusan mita 6 kuma ba ya buƙatar caji sai ɗan ƙaramin batir. Matsalarsa ita ce yana shiga ne ta ramin iyafis, alhali kamfanin Apple ya cire wannan rami tun daga iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni ma sun bi sahu, don haka sai an haɗa da ɗan mahaɗi. Na biyu shi ne maras igiya mai araha, irin K8 da K9 da suka cika kasuwa. Yana ba mutum damar kai da kawowa, amma dabarar da aka sa masa ta rage hayaniya takan yanke ƙarshen kalmomi, ta mayar da murya kamar daga cikin randa take fitowa. Mai koyar da girki zai iya haƙuri da wannan, malamin tajwidi kuwa ba zai iya ba, tunda darasinsa gaba ɗaya a kan mafitar haruffa yake. Na uku su ne marasa igiya masu tsada, irin Rode Wireless GO, da DJI Mic, da Hollyland Lark, waɗanda muryarsu take fita tas. Wanda zai zauna wuri ɗaya ya ɗauki mai igiya ya adana kuɗinsa. Wanda aikinsa yake buƙatar motsi, gara ya jinkirta ya tara na mai tsadar.

Bayan murya sai abin ɗora waya. Sanda mai ƙafa uku ta dace da wanda zai fuskanci kyamara ko ya tsaya gaban allo. Amma tela, da mai gyaran waya, da mai lalle, hannayensu ake son gani, don haka abin da ya fi musu amfani shi ne maƙalin da ake ɗaurewa a gefen tebur ya rataye waya daga sama. Sandar da ake haɗawa kyauta da fitilar zobe yawanci ba ta da ƙwari, ko iskar fanka takan girgiza ta.

Haske ba sai an kashe masa kuɗi da yawa ba. Taga mai faɗi da safe, idan mutum ya fuskance ta maimakon ya ba ta baya, ta fi fitilu masu araha da yawa. Fitilar zobe mai amfani da USB tana da fa'ida a inda wuta ba ta tsayawa, domin ana iya kunna ta da batirin ajiyar caji, sai dai tana zana da'ira a tabarau. Akwai kuma wani abu da masu saye ba su cika lura da shi ba: wutar lantarkin Najeriya tana bugawa ne sau 50 a daƙiƙa, wayoyi da yawa kuma an saita su su ɗauki hoto 30 a daƙiƙa, shi ya sa wani lokaci ake ganin layuka suna yawo a bidiyo a ƙarƙashin wasu ƙwayayen wuta. Idan wayar ta ba da dama a mayar da adadin hoton 25 ko 50, layukan sukan ɓace.

Idan dole sai an canja waya, zaɓin yana tsakanin sabuwar Tecno, Infinix ko Samsung mai garanti, da kuma iPhone tokumbo. Hoton iPhone yakan fi daidaito, amma a duba lafiyar batir, kada a karɓi wanda ya sauka ƙasa da kashi 80, a tabbata an cire asusun iCloud na mai ita na farko, a danna *#06# a gwada lambar shaidar wayar da ta fito da wadda za a rubuta a rasit. A kuma shiga shago mai adireshi, kada a biye wa 'yan kayi-nayi da ke tare mutane a bakin titi. Kada tallan 4K, wato bidiyo mai tsananin kaifin hoto, ya ruɗi kowa: ɗigon hotonsa ya ninka na ma'aunin 1080 da aka saba sau huɗu, yana cinye wurin ajiya da data, kuma ɗaliban da za su kalla ta WhatsApp ba za su ga bambancin ba, tunda manhajar tana matse bidiyo kafin ta aika. Kyamara irin Sony ZV-E10 tana da kyau, amma tana jawo kuɗin gilashin gaban kyamara, da katin ajiya, da kwamfutar tacewa, don haka ta fi dacewa da wanda darussansa suka riga suka fara kawo kuɗi.

Wajen tace bidiyo, manhajojin CapCut da InShot sun wadatar a waya, DaVinci Resolve yana da na kyauta ga mai kwamfuta mai ƙarfi, OBS Studio kuma kyauta ne ga mai son ɗaukar abin da ke fuskar kwamfuta. Wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014 kan darussan dandalin karatu ta intanet na edX ya nuna cewa hankalin ɗalibai yakan ragu sosai idan bidiyo ya wuce kamar minti 6. Wannan ya shafi saye kai tsaye, domin mai yin gajerun darussa ba ya buƙatar babban batir ko makeken wurin ajiya. Gigabayit 128 ya ishe shi.

Ranar saye a tafi da wayar da za a yi aiki da ita da kuma iyafis, a maƙala makirufon a cikin shagon, a ɗauki magana ta minti ɗaya cikin hayaniyar kasuwa, a saurara kafin a biya. A tambayi farashi a shaguna biyu ko uku, kuma a sa mai shago ya rubuta a rasit kwana nawa aka bayar na mayar da kaya idan suka ƙi aiki.