Kafin ka sayi kyamarar gadin ɓera a gona

Manomin da ya ga an yi masa ɓarna a gyaɗa, guba yake fara nema. Amma ɓera ne, gafiya ce, ko kurege? Ba sai ka kama dabbar ba kafin ka sani, kuma gara kada ka taɓa ta: ɓeran nan mai yawan nonuwa da ke zirga-zirga tsakanin gona da rumbu shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu.

Kyamarar daji, irin su Bushnell da Browning, ita mutane suka fi sha'awa. Tana ɗaukar hoto da kanta idan abu mai ɗumi ya gifta, har cikin dare. Sai dai don manyan namun daji aka ƙera yawancinsu. Ɓera ƙarami ne, ga sauri, sau da yawa wutsiya kawai za ka gani. Dole ka sauke kyamarar kusa da ƙasa, ka sa abinci a gabanta, ka kuma tambayi mai sayarwa ko tana fitar da hoto tas daga kusa. A bazara, idan ƙasa ta ɗauki zafi kamar jikin dabbar, kyamarar takan kasa gane ta. Ga kuɗin batir, ga ɓarawo. In za ka saya, ɗauki mai hasken dare da ido ba ya gani.

Ni dai farantin sawu na fi so. Tayil ake turarawa da hayaƙin fitila har ya yi baƙi, a ajiye a bakin kunya da magariba, da asuba a duba sawun da dabba ta bari a kai. A Niyu Zilan bututu suke sawa mai kati da tawada a ciki, da ɗan man gyaɗa mai kauri, guda 10 a jere, tsakaninsu mita 50. Guntun bututun roba da tunkuza sun ishe ka, kuma bututun zai kare sawun daga raɓa. Ƙirga yatsu: ɓera huɗu ne a gaba, biyar a baya, jaɓa biyar ce gaba da baya, kuma ƙwari take ci, bar ta ta yi maka aiki. Kiyashi ne kawai matsala, sukan kwashe tunkuzar.

Akwai dabarar da ko sisi ba ta ci: toshe ramuka da ƙasa da yamma, ka ƙirga waɗanda aka buɗe da safe.

Mai hekta ɗaya ko biyu, tayil goma da ƙirgen rami sun wadatar, muddin zai maimaita duk wata a wuri guda. Kyamara kuwa ƙungiyar manoma ta haɗa kuɗi ta sayi ɗaya, a riƙa kai ta inda tayil ya fi cika da sawu.