SuttaCentral: ya dace da mai bin diddigin falsafar Buddha, amma rabin hanya yake kai mutum

SuttaCentral shafi ne na intanet da ya tattara tsofaffin nassoshin addinin Buddha wuri guda, kyauta, ba talla, ba rajista. An kafa shi a 2005, kuma jagoransa shi ne Bhikkhu Sujato, wani malamin zuhudu ɗan Ostiraliya, wanda ya fassara manyan kundaye huɗu na harshen Pali, wani tsohon harshen Indiya, zuwa Turanci, ya sake su a 2018 ba tare da riƙe haƙƙin mallaka ba. Abu ɗaya na nema a cikinsa: ganin yadda tunanin falsafa na wannan addini ya faro da yadda ya riƙa sauyawa. Da wannan ma'aunin zan auna shi.

Tarkon farko shi ne tsarin kundayen. Digha Nikaya na da dogayen huɗubobi 34, Majjhima na da matsakaita 152, Samyutta an kasa shi babi 56 bisa maudu'i, Anguttara kuwa bisa ƙidaya ne, daga abubuwan da ke zuwa ɗai-ɗai har zuwa masu zuwa sha ɗaya-sha ɗaya. Tsari ne na masu hadda, domin da ka aka riƙe waɗannan nassoshi tun zamanin Buddha, wajen ƙarni na 5 kafin miladiyya, har aka rubuta su a Sri Lanka a ƙarni na 1 kafin miladiyya. Shafin ya bar su yadda ya same su, kuma ya yi daidai. Sai dai duk wanda ya fara daga huɗuba ta ɗaya yana zaton tarihi yake bi daki-daki, ya yi ɓatan kai tun daga ƙofa. Huɗuba ta ɗaya a Digha jerin ra'ayoyi 62 ce da aka tsara tsaf, ba mafarin koyarwar ba ce. Ta biyun ta fi amfani ga mai neman tarihi, don a cikinta ne sarki Ajatasattu yake zayyana abin da malamai shida na zamanin suka gaya masa, har da mai cewa mutum na mutuwa shi ke nan, da mai cewa komai ƙaddararre ne, ƙoƙari banza ne. Da waɗannan Buddha yake ja-in-ja.

Yin aiki da shafin ba wuya. Kowane nassi na da gajeriyar lamba mai farawa da haruffan kundinsa (DN Digha, MN Majjhima, SN Samyutta, AN Anguttara), kuma hanya mafi sauri ita ce a rubuta ta bayan adireshin shafin, misali sn12.15 ko mn10. Idan nassin ya buɗe, akwai wurin sauya yadda ake ganinsa: a zaɓi a jera Pali da fassara layi bayan layi, a kunna ƙamus yadda taɓa kalma zai fito da ma'anarta, sannan a kunna lambobin shafuka na tsohon bugu. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Yawancin littattafan jami'a suna ambaton nassi ne da juzu'i da shafi na bugun Pali Text Society, sai ka ga an rubuta S V 420, alhali a nan sunansa SN 56.11, huɗubar farko ta Buddha kan gaskiya huɗu, wato wahala, da sababinta, da ƙarewarta, da hanyar kawar da ita. Lambobin Samyutta da Anguttara ma suna ɗan gocewa daga bugu zuwa bugu, don haka idan lamba ta kai ka nassin da bai dace ba, duba na gabansa da na bayansa kafin ka ce babu. Jerin layi bayan layi kuwa yana aiki ne da sababbin fassarori kawai. Tsofaffin da aka kwaso daga wasu bugu suna zuwa a dunƙule.

Inda shafin ya yi zarra shi ne takwarorin nassi. Makarantun Buddha na farko sun rarrabu, kowace ta riƙe nata kundin. Na Theravada, makarantar da ake bi a Sri Lanka da kudu maso gabashin Asiya, shi ne ya tsira cikakke da Pali, amma na wasu sun tsira cikin fassarar Sinanci: Madhyama Agama (MA) mai huɗubobi 222, wanda aka fassara a 397 zuwa 398, da Dirgha Agama mai 30, wanda aka fassara a 413, da wasu biyu. Ga kuma guntaye da harsunan Sanskirit da Gandhari da na Tibet. A gefen kowace huɗuba akwai maɓallin da ke jero duk takwarorinta. Wanda ya san yadda malaman hadisi suke jera riwayoyi don gano inda aka yi ƙari ko ragi zai gane aikin nan take, illa dai a nan babu isnadi, matani kaɗai ake kwatantawa.

A ɗauki MN 10, huɗubar nan kan kafa hankali wadda masu koyar da natsuwa suke yawan ambata a yau. Sashenta na huɗu a Pali ya ƙunshi shingaye biyar masu hana hankali natsuwa, da tarin abubuwa biyar da suka haɗa mutum, da kafofin ji shida, da sharuɗɗan wayewa bakwai, da gaskiya huɗu. Takwararta ta Sinanci, MA 98, ba ta da tarin biyar ɗin, ba ta da gaskiya huɗu a wannan gurbi. Littafin Vibhanga, wanda na Theravada ne da kansu, shingaye da sharuɗɗan wayewa kawai ya kawo. Da idonka za ka ga nassi yana ƙaruwa. Haka sarƙar sababi, wato yadda kowane abu yake haifar da na gaba: SN 12.2 ya kawo gaɓoɓi 12 da aka saba ji, daga jahilci zuwa tsufa da mutuwa, amma DN 15 babu jahilci a jerinsa, ya tsaya ne a inda sani da suna-da-siffa suke jingine da juna. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne AN 3.65, jawabin da aka yi wa mutanen Kalama, wanda ake yawan yaɗawa a matsayin hujjar cewa Buddha ya ce kada a yarda da komai don al'ada ko littafi. Takwararsa MA 16 ba ta da wannan jerin, a can ma cewa ake yi kada su yi shakka.

A nan ne kuma masu gaggawa suke tuntuɓe. Idan riwayoyi biyu sun dace, abin da hakan ke nunawa shi ne maganar ta girmi rabuwar makarantun biyu, ba wai daga bakin Buddha ta fito ba. Gajeriyar riwaya ba dole ce ta zama tsohuwa ba, don mai hadda yakan manta kamar yadda yakan ƙara. Sannan jerin ya haɗa cikakkun takwarori da waɗanda ɗan sashe kawai suka yi tarayya, kuma shafin yana bambanta su da alama, a lura da ita. Babbar matsalar dai ita ce da yawa daga nassoshin Sinancin ba su da fassara, sai ka danna ka tarar da tsohon Sinanci zalla. Fassarar na'ura ba abin dogaro ba ce a nan, domin cike yake da sunayen Indiya da aka rubuta bisa sauti.

Ga mai son bin mas'ala ɗaya daga tushe, ina ba da shawarar mas'alar "kai". A fara da SN 22.59, inda ake bin tarin biyar ɗin nan, wato jiki, da ji, da tsinkaya, da ƙudurori, da sani, ana cewa kowanne mai gushewa ne, ba shi ne kai ba. A wuce SN 5.10, inda wata mai zuhudu, Vajira, ta ce kamar yadda ake kiran sassa da aka harhaɗa "karusa", haka ake kiran tarin nan "halitta". Sai SN 22.22, mai maganar kaya da mai ɗaukar kaya, wanda Pudgalavada, ɗaya daga makarantun farko, ta riƙe hujjar cewa lallai akwai "mutum", ko da ba za a ce shi ne tarin ba, ba kuma za a ce dabam yake da shi ba. Martanin Theravada yana buɗe littafin Kathavatthu, wanda al'ada ta danganta da zamanin sarki Asoka, ƙarni na 3 kafin miladiyya. Muhawara ce mai ƙa'ida: idan ka yarda da kaza, dole ka yarda da kaza, ka ƙi na biyun, to na farkon ya faɗi. Fassararsa ta 1915 ce, Turancinta ya tsufa, sai an yi haƙuri. Daga nan tattaunawar malamin zuhudu Nagasena da sarki Milinda, wato Menander Bagirke, ta zama mai sauƙin bi.

Iyakar shafin ke nan, kuma ba su ɓoye ba: nassoshin farko suka sa gaba. SN 12.15 na nan, inda Buddha ya gaya wa Kaccana cewa duniya ta rataya ne a kan "akwai" da "babu", shi kuwa tsakiya yake bi. Amma abin da Nagarjuna, masanin falsafa na Indiya, ya gina a kai wajen ƙarni na 2 miladiyya, lokacin da ya ambaci wannan huɗuba da sunanta a babi na 15 na baitocinsa don rushe ra'ayin cewa abubuwa suna da zati nasu na kansu, ba ya nan. Haka masanan da suka zo daga baya, Asanga da Vasubandhu da makarantarsu ta Yogacara, da Dignaga da Dharmakirti da suka taƙaita hanyoyin sani zuwa biyu, gani da ido da kafa hujja, da tafsiran Buddhaghosa na ƙarni na 5 waɗanda Theravada ta yau take karanta nassoshin ta cikinsu. Don waɗannan sai an nemi bugaggun fassarori. Mai iya Sinanci zai same su da dama a rumbun CBETA na Taiwan, shirin 84000 kuma yana fassara kundin Tibet, har da huɗubobin Mahayana, reshen addinin da ya ɓullo daga baya.

Shafin rubutu ne zalla, ba ya cin data, kuma manyan kundayen ana iya sauke su a matsayin PDF ko EPUB a karanta ba intanet, sai dai ƙamus da maɓallin takwarori ba sa biyo su. Turanci ne ya fi cika. Akwai Faransanci da Jamusanci, amma ba su kai shi yawa ba.