Allon haruffa ko shan bizuwel, wanne ne zai nuna ciwon idon Baba?

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce Baba ya karanta allon likita har ya samu 10/10 amma kullum yana bugun ƙofa da kafaɗa, kabu-kabu ma sai ya zo gab da shi sannan ya gan shi, yanzu dakta ya rubuta masa shan bizuwel, wato gwajin faɗin gani har gefe-gefe, kai kuma kana ganin kamar ɓarnar kuɗi ce. Wallahi ba ɓarna ba ce, aikinsu ba ɗaya ba ne.

Allon nan ya daɗe, wani likita ɗan Holan mai suna Snellen ya fito da shi tun 1862, mu nan irin na Faransa ake bi, abin da ƴan Najeriya ke cewa 6/6 shi ne 10/10 namu. A tsayar da kai mita 5, ka rufe ido guda, in ba ka yi lakwal ba a nuna maka E ka nuna da hannu inda ƙafafunta suka dosa, minti biyu an gama. Yana kama yanar ido da mai buƙatar tabarau. Har an inganta shi, akwai wani allo mai suna logMAR na 1976 mai haruffa 5 kowane layi, akwai manhajar gwajin ido mai suna Peek a salula. Amma duk tsakiyar gani suke aunawa, wurin da ka kafe ido kawai.

To tansiyon ido, wato gilakoma, cutar da ke cin jijiyar gani, ta gefe take farawa, tana ci a hankali ba zafi ba ja, mutum na iya tsinto allura a tabarma alhali bai ga akuyar da ke gefensa ba. Nan shan bizuwel ke shigowa: ka ɗora haɓa a inji, ka kafe ido kan ɗigon tsakiya, ƙananan fitilu na walƙawa nan da can, duk wadda ka gani ka latsa buton, inji ya fitar da takarda da baƙi-baƙi a inda gani ya mutu. Yana gajiyarwa gaskiya, na farko ma tsofaffi sukan rikice sai an sake, kada ka ji haushi in an ce ku dawo.

Ka kai shi, a auna masa tansiyon idon kuma a leƙa jijiyar, domin abin da gilakoma ta cinye ba ya dawowa, maganin ɗigawa saura yake tsarewa. Ku ƴaƴansa ma ku je, tana bin dangi.